Tsaga Goma Sha Ɗaya a Bayan Madubi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗan namu mai ƙaton kai. Yaya aiki, yaya haƙuri da garin mutane? Yaya ƙafar surukarki, ta saki? Mama tana gaishe ki, ta ce zanin da kika aiko kalar 'yan mata ce, amma sau uku ta ɗaura shi a mako guda.

Na san za ki yi dariya ganin takarda daga wanda ya tsere daga aji huɗu. Ki yi haƙuri da rubutun, ki karanta a hankali kamar yadda na rubuta a hankali. Abin da ya sa ban kira ki a waya ba, duk ran da na ce miki "Baba" sai ki ce tukunyarki tana ƙonewa. Shekara nawa tukunyar nan tana kan wuta, Yaya? Takarda kuwa ba a katse ta. Direban motar safe zan bai wa ya kawo miki.

Baba ba shi da lafiya. Ba a kwance yake ba, kada gabanki ya faɗi, kullum yana fitowa shago. Amma ni da nake tsaye kusa da shi daga safe zuwa magariba na ga abubuwa. Na fara da takalmi. Ya daina sa rufaffen takalminsa ya koma silifa, wai zafi. Da na duƙa zan share gashi a ƙarƙashin kujera sai na ga idon sawunsa ya ɓace cikin kumburi. Sannan ido. Kin san mu masu aski ba ma kallon juna kai tsaye, ta madubi muke hira. To a madubin nan na ga farin idonsa ya koma launin tsohuwar jarida. Yana sosa hannuwansa da mataji in ya ɗauka ba na gani, kuma tsakanin kai da kai sai ya nemi benci, mutumin da yake aske kai goma sha biyar a tsaye.

Sai da Mama ta yi kwana biyu ba ta tanka masa ba sannan ya yarda muka je asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da mu, takarda a gabanta, tana tambaya tana yin alama da biro, ko ɗago kai ba ta yi saboda tsawon layi. Hawan jini? Babu. Ciwon suga? Babu. Sigari? Babu. Sai ta ce, "Kana shan giya?" Yaya, da kin ga yadda ya gyara zama. Ya miƙe wuya ya ce, "Ba na taɓawa," da ƙarfin da har mutanen kan benci suka juyo. Ta yi alama ta wuce. Wanda ya duba shi bai yi minti biyu da mu ba, ya ce gajiya ce da gyambon ciki, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce in bai ji sauƙi ba mu dawo a gwada jini.

Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura da na ji amsar nan, don gaskiya ya faɗa. Ke tun ranar da aka yanke min kunne ba ki ƙara taka ƙofar shago ba, saboda haka ba ki san abin da ke bayan madubinmu ba. Duk shekara, ranar da ya daina shan giya, kafin mu buɗe ƙofa, yakan sauke madubin ya kifa shi a kan kujera, ya ɗauko tsohuwar askar nan mai ƙotar ƙashi, ya yi tsaga ɗaya a jikin katakon. Ya mayar da madubin ya ce in kawo tsintsiya. Yanzu tsaga goma sha ɗaya ce, a jere kamar haƙoran mataji.

Askar kuma kin san ta. Ita ce ta tafi da saman kunnena ina shekara tara, ranar da ya dawo da azahar yana tangaɗi ya ce sumata ta yi yawa, ya sa ki riƙe min kai. Abin da nake tunawa kaɗan ne: warin bakinsa, da mayafinki da kika naɗe min kai da shi, da gudun da kika yi da ni a bayanki zuwa kemis. Na san abin da kike tunawa daban ne. Kina tuna tsawar da ya daka miki a gaban mutane cewa ke kika bar kan ya motsa. Tun daga ranar bai ƙara sha ba, ke kuma tun daga ranar ba ki ƙara kiransa Baba ba, sai "mutumin".

Ga abin da ya hana ni sukuni. Matar nan cewa ta yi "kana sha", ba ta ce "ka taɓa sha" ba. Ni ba likita ba ne, amma na ga ɗakin da ruwa ya taɓa shiga, bayan shekaru ma gindin bangon yana fitar da gishiri. Shekarun da Baba ya yi yana sha sun fi waɗanda ya yi tun da ya daina. Na buɗe baki zan yi magana, sai na dubi mutanen kan benci, na dubi yadda ya karkata hula, na haɗiye. Ta yaya zan tona asirin ubana a gaban baƙi?

Yanzu yana shan ƙwayoyin, yana kuma shan wani ruwan magani mai ɗaci da Mai Walda, maƙwabcin shagonmu, ya kawo masa wata biyar da suka wuce saboda kasala da rashin cin abinci. Ya ce shi kaɗai ne yake jin amfaninsa. Ki ba ni shawara, ke ce babba. Ko layi biyu ne ki rubuto.

Ki shafa min kan yaron, ki ce kawunsa yana nan da almakashi yana jira. Ki gaishe da maigidanki da duk wanda ya tambaye ni.

Ni ne ƙanenki,
Auta.

---

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya gaba ɗaya, kuma murar yaron da direba ya ce ya gani ta wuce. Mu nan da godiya.

Takardarki ta iso. Na ce layi biyu, kin kuwa cika alkawari, layi biyun kika rubuto: "Mutumin ya koma ruwa. Ka buɗe idonka." Na ji haushi ƙwarai. Na cusa ta a aljihu na yi kwana biyu ina yi miki faɗa a zuciyata. A rana ta uku na ce bari in buɗe idon, in samo abin da zan rufe miki baki da shi.

Na duba ko'ina. Baba ba ya zuwa wani wuri, daga gida sai shago sai masallaci. Ba ya tare da tsofaffin abokan nan. Babu abin da yake kaiwa baki sai shayi da ruwa da maganin Mai Walda. To sai na tsaya a kan maganin.

Kwalba ce launin ƙasa, da hoton ganye da saiwa da wani ƙato yana nuna damtse. Mai Walda cewa ya yi murfi ɗaya da safe. Na ƙirga a rana guda, murfi tara, banda na gida. A bayan kwandon tawul na tarar da kwalabe shida babu komai a ciki, an jera su a kwance an rufa da tsumma. Wa ke rufa wa kwalbar magani tsumma, Yaya?

Amma ba ƙirgar ce ta kashe min jiki ba, yadda yake sha ne. Ƙwayoyin asibiti a gaban kowa yake watsa su a baki yana ɓata fuska. Wannan kuwa sai ya juya wa madubi baya. Ya ɗaga ƙaramin yatsa, ya haɗiye, ya lumshe ido, ya goge leɓe da bayan babban yatsa. Ina shekara tara na ga wannan gogewar ta ƙarshe, ban san ina riƙe da ita ba sai da na sake ganinta. Bayan nan sai fara'a ta zo masa, ya shiga tsokanar kwastoma, ya ce wa mai sanƙo kuɗin neman gashin ya fi na askin. Mutane suna ta dariya suna cewa Baba ya warke.

Na ɗauki kwalba ɗaya na zauna a bayan shago zan karanta. Haruffan ƙanana kamar tururuwa, kuma ba da harshenmu ba. Abin da na gane kawai lamba arba'in, da wata alama a gefenta kamar idanu biyu da sanda a tsakani. Na kai wa Mai Kemis, wadda ta ɗaure min kunne, ta tsufa yanzu har da tabarau biyu. Ta ɗaga kwalbar ta sunsuna ta ce, "Auta, wa ke shan wannan?" Na ce wani abokina ne. Ta dubi kunnena ta daɗe, sannan ta ce in gaya wa abokin nawa in an kasa kwalbar nan kashi goma, huɗu barasa ce tsantsa, ta fi abin da ake sayarwa a mashaya ƙarfi, ɗacin ganye ne kawai ya rufe ta.

Na dawo ina tafiya ina tunanin yadda zan yi. In na yi masa magana zai ce magani ne, kuma da gaskiyarsa, a jiki an rubuta magani. In na gaya wa Mama za a yi kuka, kuka kuwa tura shi yake yi cikin taurin kai. In na ɓoye kwalbar zai sayo wata.

Ga abin da na yi. Da safe na riga shi zuwa. Na ɗauko kwalbar sifirit da muke wanke injin aski da reza, na ɗauko maganinsa, na buɗe murfin duka biyun, na ajiye su kafaɗa da kafaɗa a kan kanta a ƙarƙashin madubi, inda dole ya sunkuya in zai ɗauki mataji. Na shiga shara kamar ban san komai ba.

Ya shigo ya yi sallama. Ya sunkuya. Na ga bayansa ya tsaya cak. Ya dubi kwalba, ya dubi kwalba, ya ɗago ya dube ni ta madubi. Ban sauke idona ba. Ya aske kai uku bai tsokani kowa ba, bai kuma taɓa maganin ba, gumi yana ta zuba a wuyansa. Da azahar ya ce in rufe ƙofa, akwai maganar da za mu yi gobe in ya tattara ta.

Saboda haka kin yi gaskiya rabi, ni ma na yi gaskiya rabi. Bai je ya nemo giya ba, Yaya. Ita ta canza riga ta biyo shi har shago. Ban san abin da zai ce gobe ba. Ki sa mu a addu'a, ko ba don shi ba, don Mama.

Ki gaishe da mutanen gida.

Naki,
Auta.

---

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyalinki duka. Ki yi haƙuri da jinkirin wannan takarda, kwana huɗu muka yi a asibiti. Kada ki tsorata, mun dawo gida. Ki zauna ki karanta, don wannan ce takardar da na fi son rubuta miki tun da na koyi riƙe biro.

Washegarin ranar nan ya sa na rufe ƙofar shago, ya zaunar da ni a kujerar kwastoma, ya tsaya a bayana kamar zai yi min aski. Ta madubi ya yi maganar. Ya ce Mai Walda bai san abin da ke cikin kwalbar ba, kada in riƙe shi a rai. Ya ce shi ma bai karanta ba. Ina shirin cewa to ai shi ke nan, ba laifinka ba ne, sai ya ɗora min hannu a kafaɗa ya ce, "Dakata, Auta. Kaina bai sani ba, amma harshena ya sani tun murfin farko. Na gane ta kamar yadda kake gane tafiyar uwarka a bayan ƙofa. Na dai ƙi tambaya ne don kada a gaya min." Ya ce wata biyar yana yi wa kansa ƙarya da hoton ganye.

Yaya, hanyar fita a buɗe take gabansa. Da ya ce ban sani ba, wa zai ƙaryata shi? Ni kaina a shirye nake in yarda. Bai bi ta ba.

Da safe ya sa rigarsa mai kyau, ya matsa ƙafarsa cikin rufaffen takalmi duk da kumburin, ya sa kwalbar a leda muka tafi. Wannan karon wata likita muka samu, 'yar siririya mai magana a hankali. Na tashi zan fita in ba su wuri, ya ce in zauna, wai ni na ji rabin farko, dole in ji na biyu. Ya ajiye kwalbar a teburinta ya ce, "Likita, ran nan an yi min tambaya na ba da rabin amsa. An ce ina sha, na ce ba na taɓawa. Ba a tambaye ni ko na taɓa ba. To na taɓa. Shekara goma sha tara na yi ina sha kullum, na bari shekara goma sha ɗaya, sannan wannan ta kama ni wata biyar." Bai sunkuyar da kai ba. Ta tambaye shi nawa a rana a wancan zamanin, wace iri, da abinci ko ba abinci, ya amsa ɗaya bayan ɗaya kamar yana ba da labarin wani.

Aka ɗebi jini, aka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki aka haska. Hanta ce. Likitar ta yi mana bayani yadda har ni na gane. Ta ce shekarun farko sun bar tabo a hantar, da ya daina sai ta lallaɓa tana aiki da abin da ya rage, da ƙyar amma tana yi. Wata biyar ɗin nan su suka ɗora mata kayan da ta kasa ɗauka. Abin da wani zai sha ya tashi lafiya, ga Baba guba ne, saboda hantarsa da kuma saboda jikinsa bai manta hanyar ba. Ta ce tabon ba ya gogewa, amma ana iya tsayar da shi inda yake, in bai ƙara ɗiga ko ɗigo ba, ko a maganin tari, kuma kada ya sha wata ƙwaya sai ya tambaya. Sannan ta dube shi ta ce da bai daina shekarun nan goma sha ɗaya ba, da ba a wannan ɗakin za a yi maganarsa ba.

Ga wanda zai ba ki dariya. Ta jawo takardar tambayoyin, irin wadda aka cika mana ran farko, ta karanta layin, ta girgiza kai, ta rubuta da biro a gefe: "ko ka taɓa sha?" Ta ce za ta sa a gyara sauran. Da muka fito Baba ya ce min, "Ka gani? Ban gama aji uku ba na gyara wa asibiti takarda."

Sun riƙe shi kwana huɗu don barin abin farat ɗaya yana da haɗari. Ba zan yi miki ƙarya ba, kwana biyun farko sun yi muni. Hannunsa yana karkarwa har kofi ba ya iya kaiwa baki, ni nake riƙe masa. Ya dubi hannuwan ya ce, "Auta, yau ko kankana ba za a ba ni in aske ba." Mama tana gefe tana fifita shi, ta ce ai ita tun wata uku ta sani, daga ranar da ta ji yana waƙa a banɗaki, ta dai rasa inda yake samowa. Mai Walda ya zo yana kuka kamar yaro, ƙato da shi, yana cewa shi ya kashe amininsa. Baba ya ce ya share hawaye ya tafi a duba tasa hantar, tunda shi ma shekara biyu yana nuna damtse kamar mutumin jikin kwalba.

Yanzu yana gida. An hana shi gishiri, yana ta mita wai Mama tana dafa masa ruwan wanka. Shago yana hannuna ni kaɗai.

Ban ce ki yafe komai ba. Na dai ga ya kamata ki san wane ne mutumin.

Gaisuwa ga maigidanki da yaro.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Auta.

---

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, yaya yaro, yaya aikin maigidanki? Mama tana gaishe ki da kyau. Takardarki ta zo, wannan karon layi uku, an samu ci gaba. Na ga kin tambaya ko yana cin abinci. Yana ci. Idon sawu ya fito, idon ma yana komawa fari. An sake gwada jini jiya, likita ta ce abin ya tsaya inda ake so, mu dawo bayan wata uku.

Mako shida bai zo shago ba. Tsofaffin kwastomominsa wasu sun ƙi zama a kujerata, suna yawo da suma kamar an yi musu rasuwa, wai sai Baba ya dawo. Ranar Talata ya ce zai bi ni. Muna shiga, kafin in buɗe taga, ya ce in taya shi sauke madubi. Ga shi kuwa ba ranar tsaga ba ce. Muka kifa shi a kan kujera, ya ɗauko aska mai ƙotar ƙashi. Na ɗauka kankare su zai yi.

Mai Walda ya leƙo ya ga abin da ake ciki, ya shiga rantsuwa cewa wannan ba ya cikin lissafi, magani ne, shi shaida ne, in shekara ta cika a yi ta goma sha biyu kawai. Ni ma na ce haka ne, Baba. Ya bar mu muka gama. Sannan ya shafa tsagogin da yatsa ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Waɗannan nawa ne, da gumina na same su, kuma likita ta ce su suka riƙe ni da rai. Ba zan kankare ba. Amma ba zan yi ta goma sha biyu kusa da su ba, don ƙarya ce." Ya ja dogon layi a ƙarƙashinsu daga gefe zuwa gefe. Ƙasan layin fili ne, babu komai. Ya auna filin da tafin hannu ya ce zai ɗauki ashirin in an matsa.

Muka rataye madubin. Ya tsaya yana juya askar, yana kallon hannunsa. Na san abin da yake tsoro, kuma na san ba zai gwada a kan kwastoma ba. Sai na hau kujera, na yafa wa kaina tawul, na karkata kai na ba shi ɓangaren guntun kunnen. Ya ce, "Kai, sauran ma ka gaji da shi ne?" Na ce ai gara a daidaita su. Mai Walda ya toshe baki ya fita.

Ya wasa askar, ya shafa min kumfa. Na ji ƙarfen ya sauka a bayan kunnena, ya zagaya tabon a hankali, ya gangara wuya. Yaya, ko ƙwarzane babu. Na yi shekara biyar ina aski, ban taɓa fitar da layi mai kyan wannan ba. Da ya gama bai ɗauke hannunsa ba. Ya riƙe guntun kunnen da yatsa biyu ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko gaskiya ne ina rubuta miki takardu. Na ce gaskiya ne. Ya ce na gaya miki komai? Na ce har da tsumman da ya rufa wa kwalabe. Ya ce madalla, an rage masa aiki.

Ya ce tunda ya fara cika rabin amsoshi, akwai ɗaya da ta fi ta asibiti daɗewa. Ya sa na ɗauko biro nan take, da kumfa a wuyana, ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara kada in ƙara. Ga shi:

"Ki sani kan bai motsa ba. Kin riƙe shi daidai, kamar yadda na ce ki riƙe. Hannuna ne ya kauce, na ɗora miki don na kasa ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ina yin tsaga a katako ban zo na gaya miki wannan ba. Ba ke ba ce, 'yata. Ni ne."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce ki zo ba, ni ma ba zan ce ba. Zan dai gaya miki abin da na gani, tunda shi ne aikina. Katakon nan da muke gittawa a hannun kujera in za a yi wa ƙananan yara aski, jiya na tarar ya fito da shi daga bayan ƙofa, ya goge shi, ya naɗe gefensa da tawul ya ɗinke. Ya tambaye ni yaro ɗan shekara uku ƙafarsa tana kaiwa ina, na ce ban sani ba, sai an gwada.

Motar safe tana tashi ƙarfe bakwai. Ki sauke tukunyar kafin ki fito.

Ki gaishe min da maigidanki da surukarki, ki sumbaci mai ƙaton kai. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne naki har kullum,
Auta mai kunne ɗaya da rabi.